Allurar da Inna Ta Ji Tsoro

Butalbagar, Njamena

Zuwa ga Yaya Abdulgani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Hafsa da yara, da kuma zaman Kano. Mu nan alhamdu lillahi, sai batun Inna.

Ƙabar cibiyar nan tata ta ƙara girma, har ta daina zuwa rumfarta a kasuwar Dembe. Likita ya ce a yi aiki kafin hanji ya maƙale, domin in ya maƙale magana ta zama ta rai. Inna ta ce kalas, magana ta ƙare, ba za a yi ba.

Na ɗauka wuƙa take tsoro. Ashe allurar barci ce, wato aikin da ni 'yarta nake yi kullum a ɗakin tiyata. Bara ta je duba ƙawarta Hansai bayan an yi mata aiki, ta tarar da ita ido buɗe tana ta surutu, tana kiran mijinta da sunansa a gaban surukai. Inna ta ce gara ciwon da wannan abin kunya. Ka san ta. Baba ya rasu ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kai kuma ɗan fari har yau "yayanku" take ce maka.

Na zaunar da ita na yi mata bayani. Alluran da muke sa wa a jijiya ba halinsu ɗaya ba. Akwai furofofol, fari kamar madara. Mutum yakan yi barci nan take, ya farka garau. Amma yana saukar da ƙarfin jini, na Inna kuwa dama a ƙasa yake. Akwai tiyofental, sai dai yakan tayar da asma, ita kuma tana da ita. Saura ketamin, wanda aka yi wa Hansai. Shi yana riƙe ƙarfin jini, yana buɗe hanyoyin numfashi, bai cika tsayar da numfashin ba. Aibinsa mafarki, da sakin baki wajen farkawa. Likita ya zaɓe shi, ni ma da ni ce shi zan zaɓa.

Na gaya mata ana haɗa shi da wani magani mai rage mafarkin. Ta tambaye ni ko yana hanawa ne ko ragewa. Ban yi mata ƙarya ba.

Yaya, ka kira ta. Ba ta musu da kai.

Ƙanwarka,
Khairiyya

Butalbagar, Njamena

Zuwa ga Yaya Abdulgani,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. An yi aikin, Inna tana gida, jiya har ta sha kunu ta yi mini faɗa a kan gishirin miya.

Kiran da ka yi ya taimaka, amma sai da ta kafa sharaɗi: in za ta farka, kada kowa ya kasance kusa sai ni. Ba a yarda ma'aikaci ya yi wa uwarsa allura ba, don haka abokin aikina Idris ne ya yi. Ni na jira a ɗakin farkawa, na ja labule, na rage haske, domin hayaniya tana ƙara wa mai ketamin ruɗewa. Ƙarfin jininta bai motsa ba, ƙirjinta ma shiru.

Na daɗe ina tunanin ko in rubuta maka abin da ya biyo baya. Na ga haƙƙinka ne.

Da ta fara dawowa, idonta a buɗe amma ba ni take gani ba. Sai ta kira sunanka. Cikakke, Abdulgani, a hankali, kamar wadda ta daɗe tana faɗinsa a ranta. Ta ce a rufa maka zane, kogi da sanyi, kada ka yi mura. Ina jin ta koma lokacin da kake ƙarami, tana wanki a bakin kogin Shari. Ta yi ta shafa hannuna tana cewa ka ci abinci. Na ga mutane da yawa suna wannan mafarki, na san yadda maganin yake raba mutum da inda yake. Sanin bai hana ni kuka ba.

Da hankalinta ya dawo, abu na farko da ta tambaya shi ne ko ta yi magana. Na ce mata ruwa ta roƙa. Ta roƙa ɗin kuwa. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta yi hamdala, ba ta ƙara tambaya ba.

Da safen nan ta ce in rubuta in gaya wa "yayanku" ta warke, kada ya ɓata aikinsa ya taho. Ni na ce ka taho. Amma in ka zo, don Allah, ka gaishe ta kamar yadda ka saba, daga bakin ƙofa, kanka a ƙasa.

A gaida Anti Hafsa, a shafa mini kan yara.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Khairiyya