Na'ura Ta Tsinci "So" a Cikin "Tsoro"

Iyaye mata, ku yi hattara da na'ura kafin ku ɗaga wa 'ya'yanku hannu. Hajiya mai ba da shawara a wannan fili, ki taimake ni, gidana ya lalace.

A Magariya nake, na yi koleji, kuma ba na wasa da tarbiyya. Ɗana Ayuba yana karatun informatik, wato ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa, a Damagaram. Da ya zo hutu na sa shi ya rubuta mini progiram da zai bi saƙonnin salular ƙanwarsa Gumsu, ya ware duk mai ɗauke da kalmar "so". Na'ura ta ware su da yawa. Raina ya ɓaci, ban tsaya karantawa ba. Na doki Gumsu a gaban maƙwabta, na hana ta zuwa lakwal, wato makaranta.

Daga baya Ayuba ya buɗe su. Soso ne, da soya miya, da tsohuwa. Sauran duk ga ƙawarta Mariya ta aika, tana cewa tana jin tsorona. Ayuba ya ce umarnin progiram ɗin da ake kira "in" jerin haruffa yake nema cikin rubutu, ba ruwansa da inda kalma ta fara ko ta ƙare. Wane irin ilimi ne wannan? Gumsu ta koma wurin kakarta a Waca, ta ƙi dawowa. Na kafa doka: ba salula, ba ordinater, wato na'urar nan, a gidana.

Uwa mai baƙin ciki

Amsa:

'Yar'uwa, ƙorafinki yana da tushe. Masu tsara harsunan na'ura su kansu sun saɓa a kan wannan umarni: wasu suna ganin harafi ɗaya kawai ya kamata ya nema, wasu suka zaɓi jerin haruffa, don ya fi amfani wajen bincike. Mai neman cikakkiyar kalma sai ya fara tsinka rubutun kalma-kalma. Nan Ayuba ya yi sakaci.

Amma na'ura ba ta doki kowa ba. Ko da "so" ɗin gaske ta samo, tambaya ya kamata ki fara yi. Dokarki za ta kori salula, ba za ta cire tsoro daga zuciyar Gumsu ba. Ki shiga mota zuwa Waca da kanki, kada ki aika. Ki ba ta haƙuri a gaban kakarta, ki mayar da ita lakwal. Wataƙila ba za ta biyo ki ran nan ba, sai ki sake komawa. Allah ya sanyaya zukatanku.