Abin da Na Tarar a Ƙarƙashin Durowar Malama

Zuwa ga ƙanena Mai Gawayi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gidan yayanka, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da 'yan biyunku. Allah ya ƙara maka lafiyar ido da ta hannu tunda su ne jarinka, ya raya mana yaran, ya jiƙan Baba da Inna. Mu nan lafiya lau. Gwiwar matar yayanka ta yi sauƙi tun da ta daina hawa bene sau goma a rana don duba abin da ba wanda ya aike ta. Babban ɗanka na wajena ya gama jarrabawa, ya ce ya ci, mu dai sai mun ga takarda. Ƙaramarsu, wadda kake kira Sarkin Tambaya, ta yi giɓi, amma hakan bai rage mata surutu ba. Shago kuma alhamdu lillahi, ma'aikata sun kai goma sha huɗu, na kuma sayi injin yankan katako na uku, wanda duk layinmu ba mai irinsa.

Na san ba labarin inji kake jira ba. Wata huɗu ke nan da ka aiko mini shafuka goma sha biyu daga littafinka na uku, ka ce ba za ka miƙa wa masu bugawa ba sai na ce to, su kuma sun ba ka zuwa ƙarshen watan nan, in ba haka ba su cire shi daga jerin na bana. Ka ce in ban so a gane ni ba, za ka mayar da yayan da ke ciki wani maƙwabci. Ka kira ni sau biyar. Duk na gani. Ranar da matar yayanka ta ce maka ƙarar inji ce ta hana ni ji, ina tsaye a gefenta ina yi mata alama da hannu, kuma har yau ba ta yafe mini ƙaryar da na sa ta yi ba.

Ba na musun abin da ka zana, ranar tana nan a kaina. Baba bai yi wata shida da rasuwa ba, ni na ajiye makaranta a aji uku na sakandare na tsaya a kan bencinsa, kai kuwa kana da shekara takwas, kana yawo da gawayi a aljihu har Inna ta gaji da wanke maka wando. Mai gidan burodi ya ba mu aikin ƙofofi huɗu, aikin kirki na farko da wani ya yarda ya damƙa wa ɗan shekara goma sha shida. Na fita sayen ƙusa, na dawo na tarar ka cika fuskar ƙofa ɗaya da zanen mutanen layinmu kaf, har da akuyar maƙwabta. Ban dake ka ba. Da takardar samfefa mai kaushi ma ya isa a goge, amma na sa ka riƙe mini ƙofar da hannu biyu, na ɗauki filen, abin feren katako, na kankare su ɗaya bayan ɗaya kana kallo, na ce maka zane bai taɓa ciyar da kowa ba. Haka ka zana shi, har da yadda fuskokin suke naɗewa a jikin ɓawon katakon suna faɗuwa ƙasa. Da na gani sai na tuna ina da ma'aikata, ina da surukai, ina da mutanen da suke miƙewa in na shigo wuri. Na ce ashe yaron nan jira yake ya yi suna ya tona ni. Na rufe shafukan, na kulle su a ofis.

Yanzu bari in gaya maka abin da na yi da littattafanka biyu na farko, waɗanda ka aiko shekara biyu da suka wuce. Kada ka ce na wulaƙanta su. A shagon gaba na sa su, inda muke baje kaya, a kan kantar littattafai mafi kyau da muke da ita, don kanta marar komai ba ta sayuwa. Da su nake nuna wa masu saye zurfinta: in zaro mai jan bangon, in mayar, in ce ka ga, ko babban littafi ya shiga ba ya leƙowa. Kanta goma sha ɗaya na sayar da haka. Kullum da safe ana share musu ƙura. Amma buɗewa, ban taɓa ba. A ganina littafi mai hotuna na yara ne, ni kuwa mutum ne mai karanta jarida.

Makon jiya wata tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya ta kawo kabad gyara, ƙafa ɗaya ta ruɓe, durowa ta daina shiga. Tun yana kan mota na gane shi, shi ne kabad na farko da na haɗa ni kaɗai bayan rasuwar Baba. Tana jira in gama wani awo, sai ta zaro littafinka daga kan kantar. Ta ce ai ta san su, jikokinta sun karanta nasu har bango ya fita. Ta ce a shekararta ta ƙarshe a aji ta karanta wa yara na farkon, tana rufewa suka shige ƙarƙashin teburansu su ga me ke can, ita kuma ta bar su, don a shekara talatin da biyar tana koyarwa ba ta taɓa ganin aji ya yi shiru don son ransa ba. Nan na gyara tsayuwa na ce mai zanen ƙanena ne, ni na rene shi. Ta ce masha Allah, to wane wuri ya fi burge ni? Na ce duka suna da kyau. Ta dube ni ta saman tabarau kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, ta buɗe littafin a hankali kusa da kunnena, ta ce, "Maigida, ji yadda bangon yake ƙara. Wannan yau aka fara buɗe shi." Ma'aikatana uku suna wurin, duk suka sunkuya suna neman abin da bai faɗi ba.

Da rana na shiga ofis da littattafan, na ce ina da aikin awo, kada a dame ni. Da farko na ɗauka ba ka iya zana fuskar manya ba ne, don duk babban da ke ciki daga ƙugu zuwa ƙasa ka yi shi, gwiwa da takalmi da hannu. Sai da na tambayi Sarkin Tambaya daga baya ta ce, "Baba, ai haka muke ganinku." Na yi dariya ni kaɗai a inda yaron littafin da yayarsa suka mai da bahon wankin uwarsu jirgin ruwa a tsakar gida ana ruwan sama, sai ga ƙafafun uwar suna tafe, ɗaya da silifas ɗaya babu. Ba ka zana inda ɗayan yake ba, amma duk wanda Inna ta haifa ya sani. A na biyun kuma, inda malami ya ja jan biro a kan saniyar yaron don tana da ƙafa shida, yaron ya ce ai tafiya take, sau biyu na koma na karanta, kuma ina ganin yaron ya fi malamin gaskiya.

Amma inda na tsaya shi ne shafin da yaron yake kwance a ƙarƙashin bencin kafinta. Ka zana ƙarƙashin bencin Baba. Ga ƙusar nan da ta lanƙwashe, wadda ni na buga ranar da aka fara ba ni guduma, Baba ya ce a bar ta ta zame mini darasi. Ga ɗan guntun katakon da aka cusa a ƙafar hagu, ga inda Baba yake rubuta awo da fensir in takarda ta ƙare. Duk haɗin katakon daidai yake, da zan ba ma'aikatana shafin nan za su haɗa bencin ba tare da sun yi tambaya ba. Shekara talatin ina gaya wa mutane cewa kwanciya kake a wurin don gudun aiki, ashe kallo kake. Ni ban san harkar littattafai ba, amma na san aikin da aka yi da awo, wanda ba layi ɗaya da aka saka don cika wuri. Wannan aiki ne. Na kuma lura da wasu hannuwa na bahago da suke fitowa nan da can, suna gyara wa yaron tayar motar gwangwani, suna fiƙe masa fensir da wuƙa. Bahago ɗaya ne a gidanmu. Ni har na manta na yi waɗannan.

Kwana biyu bayan haka na sauko da kabad ɗin Malama, na ce ni zan yi shi da hannuna. Na zaro durowar na kifa ta don in ga inda ta kumbura, sai ga zane a ƙarƙashinta, da fensirin Baba mai faɗin baki. Ni ne, cikin rigar makaranta da na ci gaba da sawa a shago don ba ni da wata, filen a hannun hagu, harshe a waje kamar yadda nake yi in aiki ya yi wuya. Wannan karon ka yi mini fuska, da kunnuwan da sun fi nawa girma sau biyu. Kabad ɗin nan bayan ƙofofin mai burodi na yi shi, na tabbata, don da ragowar katakonsu na yi bayansa. Wato bayan abin da na yi maka ba ka daina ba, wuri kawai ka sake, kuma ni ka zaɓa ka zana. Filen yana kan benci kusa da hannuna, durowar kuwa gogewa take buƙata kafin ta shiga. In na goge, zanen ya tafi. Daga ƙarshe na cire gindin durowar gaba ɗaya, na yanka mata sabo. Da Malama ta zo ɗauka na nuna mata na nemi ta bar mini tsohon. Ta ce shekara talatin tana ajiye zannuwa a kan kaina ba ta sani ba, in riƙe.

To ga amsata. Ka miƙa musu littafin. Kada ka mayar da ni maƙwabci, maƙwabcinmu bai yi maka komai ba, kuma ban taɓa bari a sa sunan wani a kan aikina ba, mai kyau ko marar kyau. Ni na yi, ni za a zana. Kada ka rage komai don jin kunyata. Maganar da na faɗa maka ranar nan kuma, cewa zane bai taɓa ciyar da kowa ba, ka bar ta a ciki yadda take, masu karatu za su ga wanda ya yi kuskure ba sai an nuna musu ba. Ni ma na gani, kuma ina neman ka yafe mini. Wannan ba magana ce da zan iya faɗa a waya ba, shi ya sa na rubuta.

Gyara ɗaya gare ni, kuma a kansa ba sassauci. A shafi na bakwai ka zana jijiyar katakon tana kwance ta gefe ɗaya, ni kuma ina tura filen ta inda zai ci karo da ita. In aka yi haka katako yagewa yake, ba ya ba da dogon ɓawo mai naɗewa irin wanda ka zana. Duk kafintan da ya gani zai yi mini dariya. Na yarda duniya ta san na zalunci ƙanena, amma ban yarda a ce ban iya riƙe filen ba. Ka juya layukan, aikin minti goma ne a wurinka.

Sarkin Tambaya za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka ta waya yau, don kada wata ya ƙare tana hanya. Littattafan na ɗauke su daga shago, suna gida, yanzu har bangon mai ja ya fara lanƙwasa. Kantar da suka bari ta yi kwana biyar ba wanda ya taya, amma ba komai. Matar yayanka ta ce in haɗa maka gindin durowar a saƙo, na ce a'a. Na yi masa firam, na rataye shi a saman bencin Baba, inda nake tsayuwa. Shekara tara rabonka da gida. In kana son ganinsa, ka san ƙofar shago, har yanzu ba a sake ta ba.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka ce na gode da haƙurin da take yi da mutumin da yake ɓata mata hannun riga da tawada. Ka shafa mini kan 'yan biyu, kuma in sun yi zane a bango ka kira ni kafin ka yanke hukunci. Matar yayanka, da babban ɗanka, da yayarka mai jirgin baho, duk suna gaishe ka. Malama ma ta ce a gaishe ka, tana jiran na ukun.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
bahagon kafinta