Ta Ce In Jira Shekara Biyu Saboda Haraji

Malama Ludwika, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni kafinta ne a garin Tarnów, shekarata hamsin da uku, ban taɓa aure ba. Shekara huɗu ke nan muna son juna da Danuta, ungozoma ce. Mijinta ya rasu 'yarsu Jagoda tana firamare, ita kaɗai ta rene ta, yau ga yarinyar tana karatun likita a birnin Kraków. Ban taɓa ganin mace irin Danuta ba. Za ta tashi daga aiki ƙafafu a kumbure, ta biya ta gidan mahaifiyata ta yi mata allura, ta dafa mata miyar kabeji, ba za ki ji ƙorafi daga bakinta ba.

Ranar Ista na miƙa mata zoben neman aure. Ta yi kuka, ta saka, sannan ta ce, "Kazik, na yarda, amma sai bayan shekara biyu." Dalili wai haraji. Muddin ita kaɗai ke riƙon 'yarta, ana lissafa albashinta kamar na mutum biyu, sai harajin ya ragu. Rarar, kusan złoty dubu bakwai na kuɗin ƙasarmu a shekara, da ita take biyan ɗakin Jagoda. Idan muka yi aure rangwamen ya tafi, kuma ta ce haɗa harajinmu ba zai amfane mu ba, tunda ni ma ina samu.

Na ce zan cike gurbin. Ta ce, "Kai da rufin shagonka ke yoyo? Na yi wa marigayi alkawari, da hannuna zan kai yarinyar nan gaci." Ƙanena kuwa sai tsiya yake mini: "Yaya, ashe ofishin haraji za mu je neman aure?"

Ban ji haushinta ba, ƙara burge ni ma ta yi. Amma Mama shekarunta tamanin da shida, har ta ɗinka rigar biki ta rataye. Ni ma bara da ciwon zuciya ya kwantar da ni, likita ya ƙi gaya wa Danuta komai, wai ita ba iyali ba ce. In matsa mata ne, ko in yi haƙuri?

Kafinta mai zobe a hannun wata

Ya kai kafinta,

Ka yi dace. Macen da ta riƙe alkawarin mamaci shekara da shekaru ba za ta yi wasa da na rayayye ba. Kai ma na jinjina maka, ko sau ɗaya ba ka kira ta mai son kuɗi ba.

Sai dai Danuta ta ƙidaya abin da aure zai ci, ba ta ƙidaya abin da jira zai ci ba. Shekara biyu ba komai ba ce ga Jagoda, amma ga Mama da zuciyarka abu ne babba. Ka gaya mata haka a natse, ba a gaban ƙanenka ba.

Ku ɗauki takardun samunku ku je wurin masanin haraji tare. Ya lissafa muku ainihin asarar, ku kuma tambaye shi ko watan da aka yi auren na iya rage ta. Cikin makon nan ka rubuta wa asibiti izinin sanar da Danuta halin lafiyarka, wannan ba ya jiran aure.

Ka daina cewa za ka cike gurbi, kalmar tana mata kama da sadaka. Alkawarinta shi ne ta kai 'yarta gaci, ba ta ce sai ta hana kanta abokin tafiya ba. Ku tambayi Jagoda ma. Wadda ke koyon likita ta isa ta san abin da ake jinkirtawa dominta, kuma zan yi mamaki idan ta amince.

In bayan duk wannan Danuta ta ce a jira, ka jira da sakakkiyar fuska, amma ku tsayar da rana, ku je ku faɗa wa Mama da bakinku biyu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sanya alheri.

Ludwika