Ƙanin Mijina Zai Yanke Hancin Jirgin Marigayi

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da za a ce baƙin ciki ya taɓa min hankali. Ban yi karatu mai nisa ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Mijina ya rasu bana. Gyaran janareta ne sana'arsa, amma ransa yana kan ƙananan jiragen sama da yake haɗawa da hannunsa a ɗakin baya. Irin waɗanda ake ɗaura wa dogayen wayoyi biyu ne, mutum ya tsaya a tsakiyar fili yana juyawa, jirgin yana ta alkafura a sama. Dukansu da injin mai yake tashinsu. Na sha yi masa mita a kan rigunansa, don maiƙon nan ba sabulun da ke fitar da shi. Yau ga rigarsa ta ƙarshe a rataye, na kasa wankewa.

Ya bar jirgi ɗaya bai ƙarasa ba. Ya gama fukafukai, ya kafa injin a hanci, ya sa tanki, fenti kawai ya rage. Abokansa na fili sun ce za su taru a tashe shi don tunawa da shi, kuma babbar 'yarmu ce za ta riƙe wayar, tunda a gabansa ta koya.

To shekaranjiya na shiga shara, sai na ga an ja layin fensir a hancin jirgin, ga zarto a gefe. Ashe aikin ƙanin mijina ne. Wai zai yanke ya cire injin, ya sa mai amfani da batir. Ko shawara bai yi da ni ba! Mutumin da ko gam bai taɓa miƙa wa yayansa ba, yau shi ne gwani don ya kalli bidiyo a waya. Wai amfani da mai tsohon yayi ne, ga ƙara, ga hayaƙi, ga maiƙo, shi kuwa batir dannawa kawai ake yi. Ai ni ma na san dannawa, tocilata ma danna ta nake yi. Mijina, bawan Allah, ya yi makonni yana ɗora jirgin a kan yatsu biyu, yana auna nauyin gaba da na baya, har abincinsa ya huce ina ɗumamawa. Shi ne za a zo a datse kamar rake?

Abin da ya fi ƙona min rai, 'yata ta goyi bayan baffanta. Ta ce ba ta iya saurarar kukan injin ta daidaita mansa kamar babanta ba, kuma farfela, wato fankar hancin jirgi, ta taɓa tsaga mata yatsa wajen tayarwa. Ta ce in injin ya mutu jirgin yana kife a sama, waya za ta saki, sai dai a kwaso itace. Na ce mata ashe tsoro ya fi uba. Tun daga nan ba ta ƙara cin abinci tare da ni ba. Na kulle ɗakin, makullin yana wurina, ga taron ya matso. Ni dai ina so in ƙara jin wannan ƙarar ko sau ɗaya ne. Laifi ne, Anti?

Mai jiran amsarki

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashi. Ba laifi ba ne.

Fushinki da ƙanin mijinki yana kan hanya. Kayan mamaci ba a kai masa zarto ba da sanin iyalinsa ba. Sai dai ki tuna shi ma ɗan'uwa ya rasa, kuma wani in baƙin ciki ya kama shi, hannunsa ne ke neman abin yi.

Na tambayi masu wannan wasa. Sun ce batir yana tashi ba gardama, gudunsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ya fi sauƙi ga mai ɗari-ɗari. Injin mai kuwa yana da ƙarfi da murya, amma sai da gwanin da ya san kukansa. Suka ƙara da cewa nauyin biyun ba ɗaya ba ne. In aka yanke hanci, duk awon da marigayi ya yi ya tashi a banza, sai an sake sabo. Don haka a goge layin fensir ɗin, jirgin ya zauna yadda mai shi ya bar shi.

Amma 'yarki kin zalunce ta. Yarinyar nan tana tsoron ta farfasa abu na ƙarshe da ubanta ya taɓa, a gabanki da gaban abokansa. Abin da kike karewa, shi take karewa.

Ki kira babban abokin marigayi na fili, ya tayar da injin ya daidaita, su gwada da ita kafin ranar. In hankalinta ya kwanta, ta tashe shi. In bai kwanta ba, a kai jirgin fili a kunna shi a ƙasa, kowa ya ji muryarsa, ita kuma ta tashi wani mai batir. Baffanta ya sa hannu a wannan, sai a ga gwanintarsa. Zaɓin nata ne, tunda hannunta ne a kan waya.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan ki zuba abinci a kwano ɗaya, ki same ta, ki janye kalmarki. Taro ana iya ɗaga shi, wannan kam kada ya kwana.

Allah ya haɗa kanku, ya sa a tashi lafiya a sauka lafiya.