Waƙar Lallen Inna a Cikin Disket

Baban Rabi,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu kuma mai karanta maka ita. Amma na saba in abu ya faru kai nake fara gaya wa, har yau ban iya dainawa ba.

An ɗaura auren Rabi. Yaron ɗan Tabelot ne, iyayensa masu garkar albasa. Yana da kunya ƙwarai. Da kana nan da ka tsokane shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Da biki ya matso, Rabi ta ce tana so a yi mata waƙar lallen Inna, mahaifiyarka, wadda aka yi mini a nawa auren. Na zagaya matan unguwa, kowacce amshi kawai ta riƙe. Sai na tuna lokacin da kake sakatare a ma'aikatar kwal ta Anu Araren, in ka zo hutu ka zaunar da Inna tana rerawa kana rubutawa, in ka koma ka buga a ordinater, wato kwamfutar wurin aikinku, ka adana a disket, ƴan faya-fayan ajiyar rubutu. Takardun gara ta cinye su tuni. Disket ɗin kuwa suna cikin akwatinka na ƙarfe, ƙarƙashin rawunanka.

Ka san yanzu ba a yin injin da ke da bakin sa disket? Mun sha yawo a Agadas kafin mu samu Agali, mai gyaran ordinater kusa da tasha, wanda ke da tsohon abin karanta su. Yawancinsu zafi da rairayi sun kashe su. Guda ɗaya ce ta amsa, kuma ita ce mai waƙar. Da ya buɗe ta, ba abin da ya fito a ekaran, fuskar injin, sai ƴan akwatuna da alamomi barkatai. Rabi ta fashe da kuka. Agali ya ce mu kwantar da hankali, rubutun na nan, tsarin da ka buga shi da shi ne aka daina aiki da shi tun da daɗewa, injinan yau ba su gane shi. Ya fara kwafe shi a kile, ɗan abin ajiya na zamani, don kada disket ta mutu a hannunmu. Sannan ya nemo tsohon tsarin ya ɗora a injinsa. Sai ga kalmomi sun fito. Amma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wata alama ce ta zauna a wurin. Na ja kujera kusa da shi, ina faɗa masa kalmar yana gyarawa.

Baban Rabi, baitin ƙarshe ya yanke a tsakiya, daidai inda uwa za ta gaya wa ɗiyarta abin da za ta riƙe a gidan miji. Agali ya ce wataƙila wurin ne ya lalace a disket. Ko kuwa kai ne ba ka ƙarasa bugawa ba? Wa zan tambaya?

Sau nawa muka ce za mu kai su a juye, muka ce sai zafi ya wuce, sai bayan salla, har ciwo ya kwantar da kai? Kuma murya ba ta shiga disket. Kalmomi muka samu, babu kari. Kai ka iya karin. Kakan rera in kana dafa shayi a tsakar gida, ni kuma in yi maka dariya in ce waƙar mata ce. Ban taɓa gaya maka ba, nakan ajiye aikin da nake yi in tsaya bayan ƙofa ina saurare. Me ya hana ni fitowa in zauna in koya?

Ranar lalle aka ɗauko Gwaggo Tamu, ƙanwar Inna. Ido ya tafi, mantuwa ta kama ta, ko ni ba ta gane ba. Na zauna gabanta na karanta mata baitin farko. Har na fara fid da rai. Can sai ta kama karin, mata suka amsa. Da muka kai inda rubutunka ya yanke, na daina karantawa, ita ma ta tsaya. Sai ta ci gaba da rera karin, bakinta rufe, babu kalma ko ɗaya, har aka gama sa wa ƴarka lalle.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da Inna. Sai mun zo.

Taka har kullum,
Hadizatu, uwar Rabi