Kujerar Inna da Katinka na Bashi

Yelwan Yauri,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Bilyaminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

"Yaya, in Allah ya ba ni rai, ba wanda zai sake cin tuwon bashi a gidan nan." Kai ka faɗi haka a zauren gidanmu na Wara, ranar addu'ar ukun Baba, Kawu Magaji na zaune yana ji. Na sa maganarka gaba da tawa domin ka karanta sauran da muryarka a kunnenka.

Bayan haka, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Nusaiba da yara, Zaidu da A'isha. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa maka aikin kula da tsofaffin nan na Ingila, ya kare ku daga sanyin da muke jin labarinsa. Mu nan kalau muke. An yanke shinkafa ba laifi, kifi dai ya yi tsada kamar ba a bakin ruwa muke ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa masallaci ba sanda. Ni ce kawai ba ni da natsuwa. Takardun jarrabawar ɗalibaina na nan jibge a kan tabarma, in na ɗauki jan biro sai in ajiye, in fita tsakar gida, in dawo ban san abin da na je yi ba. Maigida ya tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce masa ƙanena ne.

Mun yi waya da Nusaiba. Kada ka kuskura ka ɗaga mata murya, ba ita ta kawo zancen ba, ni na matsa mata da na ji muryarta ba yadda na san ta ba. Ta ce albashinka haya ke cinye rabinsa, sauran kuma ya tafi wajen toshe bakin banki. Wutar lantarki da gas da cefane da man mota da kuɗin waya, har takalman makarantar Zaidu, duk da katin bashi kake biya, kiredit kad ɗin nan naku. Ta ce da na farko ya cika sai ka karɓo na biyu. Na ce to abin da kake turo wa Inna duk wata fa? Ta ce shi ma daga katin ne. Na ce kuɗin kujerar Makka, rabin da muka riga muka kai ofishin alhazai? Sai ta fashe da kuka. Ban sake tambayar komai ba.

Kada ka ce mini ban gane tsarin Turai ba, domin na ƙarar da data ina karanta shi har idona ya yi ja. Na san kusan kowa a can yana riƙe da irin katin. Na san wanda ya biya duka a ƙarshen wata ba a ɗora masa ko kwabo. Kai kuwa ɗan ƙaramin abin da suka yanka maka kake biya, ragowar ta kwana tana haihuwar kuɗin ruwa. Bilyaminu, ba ka tuna wannan tsarin ba? Mun gan shi tun muna yawo ba takalmi. Mai kuɗin nan da ke ba Baba bashin tarun kamun kifi a farkon kaka, ya zo ya kwashe kifi a farashin da ya ga dama, ya ce sauran sai baɗi, ba gaggawa. Bai taɓa ɗaga wa Baba murya ba. Kullum da murmushi, har goro yake kawo masa. Baba ya tsufa a cikin ruwa, ya rasu tarun bai zama nasa ba. Bankinka ma na san da ladabi yake rubuto maka, har ya ce ya ƙara maka iyakar bashi saboda kai mutumin kirki ne. Bambancinku da Baba ɗaya ne: shi bai shiga aji ba, kai digiri biyu gare ka.

Amma ba wannan ya hana ni zama ba. Ranar da na kai wa Inna albishir cewa ka biya mata Makka, ba ta yi guɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Murja, kuɗɗin ga, guminai na?" Na ce wallahi guminsa ne, Inna. Na rantse mata da Allah a kan maganarka, domin kai ka ce mini tari ka yi daga aikin ƙarin lokaci. Ka ari bakina ka yi wa mahaifiyarmu ƙarya, ka kuma bar ni da rantsuwar.

Tun daga ranar take shiri irin na mutanen da. Gida gida take bi tana neman gafara. Ta mayar da wani kwanon sha da ta ara tun bikin aurena. Ranar Lahadi, bayan na riga na ji komai daga Nusaiba, ta sa na raka ta ƙetare a kwale-kwale, da ƙafar nan tata, neman 'yar marigayiya Halimatu, ƙawarta ta sana'ar banda. Wai akwai cikon kuɗin rabin kwandon kifi da ba ta ba Halimatu ba har ta rasu. Yarinyar ta yi ta dariya, ta ce Inna ai wannan ko kuɗin gishiri bai kai ba yanzu, na yafe duniya da lahira. Inna ta ce ba ta tashi daga tabarmar sai an karɓa, kuma sai da aka karɓa. A hanyar dawowa, muna tsakiyar ruwa, ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Yanzu ba ni da nauyin kowa. Ko can Allah ya ɗauki raina, na tafi sakayau." Na juya ina kallon ruwa don kada ta ga fuskata. Matar da ta ƙetare tafkin Kainji saboda rabin kwando, za ka ɗora ta a jirgi a kan bashi mai ruwa.

Ni ba malama ba ce, ba zan yi maka fatawa ba, je ka tambayi limamin masallacinku. Inna dai na sani. Kuma magana ba ta ɓuya a danginmu. In ta je ta dawo sannan ta ji, za ta zauna ta riƙa tambayar kanta ko an karɓi hajjinta har ƙarshen ranta, kuma ba wanda zai iya amsa mata.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Inna ta tsufa, wa ya san baɗi? Ka ɗauka ban yi wannan tunanin ba? Shi ke tayar da ni tsaye ina cikin cin abinci. Ina tsoron in hana ta tafiya bana, Allah ya yi nasa ikon kafin wata shekara, in zauna da abin har abada. Amma zaɓin nata ne, ba naka ba, ba nawa ba. Ta ji gaskiya, ta tambayi wanda ta yarda da shi, ta yanke. Ba ka da ikon yanke mata ta hanyar ɓoyewa.

Kuma ba mu rasa hanya ba. Bijimaina biyu na wajen Cindo makiyayi a ruga, zan sayar. Ɗaukar adashina na zuwa bayan sallah. Ba za su cika kujera bana ba, amma mafari ne, kuma ba wanda zai biyo mu. Kai kuma ka daina turo komai har ka kashe katunan nan. Inna ta ci tuwo kafin ka je Ingila, za ta ci bayan haka. Masu kiranka neman kuɗi kuma, mai gyaran inji da mai bikin suna da mai neman waya sabuwa, ka koyi ce musu babu. Kalma ce gajera, ba ta kashe mutum. Matsalarka ka fi son a ce Bilya na Ingila ya yi, ko da 'ya'yanka za su gaji takardun banki.

Kawu Magaji na gaishe ka, bai san komai ba tukuna. Maigida da yara na gaishe ku. Ka gaishe mini da Nusaiba, ka ce mata ta yi daidai, ka shafa mini kan Zaidu da A'isha. Inna kullum sai ta sa maka albarka bayan sallar asuba, da sunanka, da ƙarfi yadda har maƙwabta ke ji.

Ofishin alhazai na jiran cikon kuɗi a ƙarshen watan nan. Kada ka turo, in ka turo zan mayar. Na ba ka zuwa Juma'ar nan mai zuwa ka kira Inna ka gaya mata da bakinka. In ta ji daga gare ka, ɗanta ne ya yi kuskure ya dawo. In rana ta faɗi ranar Juma'a ba ka kira ba, Asabar da safe zan shiga motar Wara, in durƙusa gabanta in ce rantsuwar da na yi mata ba gaskiya ba ce, in nemi gafararta kamar yadda take neman ta mutane. In ta ce a fasa, zan je in nemi a dawo da rabin da muka kai, in tura wa Nusaiba, ba kai ba, ta zuba a katin. Lambar Inna ba ta canza ba, kuma wayar na ɗaure a bakin zanenta.

Wassalam. Taka yayarka,
Murja