Abin da Malamar Auta Ta Ce

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ranar ziyara ban samu zuwa makarantar kwanan su Auta ba, ɗinki ya sha kaina. Sai na kira malamar ajinsu, ta ce min wai "she is wilting". Na ce to na gode, don kar ta ga ƙauyancina. Tun ranar na rasa sukuni. Ciwo ne ko rashin ji? Kai ka samo mata gurbin, kuma kai ne malamin Turanci. In ɗauko 'yata ko in bar ta?

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. "Wilt" aikatau ne, ma'anarsa yin yaushi. Asalinsa na tsirrai ne, kamar fure idan ya sha rana. Akan are shi ga mutum idan kuzarinsa ko karsashinsa ya ragu. Ya sha bamban da "wither", wanda shi bushewa ce. Batun ɗaukowa kuwa a yi haƙuri, da ƙyar aka samu gurbin nan.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta sau uku, har hannun riga na ɗinka a bai-bai. Na tambaye ka yarinya, ka aiko min da fure. Kuzarin jiki ne ko na karatu? Kuma in an bar mai yaushin, ba shi ne yake bushewar ba? Ni dai tsoro nake ji. Kar ka ga kamar na raina ƙoƙarinka.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Gaisuwa. Na duba ƙamus uku, na jikin da na karatun duka suna yiwuwa. Tambayarki ta ƙarshe kuwa ba su ce komai a kai ba. Na kira malamar, ta ce Auta ba ta laifi, ba ta kuka, ta dai daina ɗaga hannu a aji. Gaskiya ni ma kaina ya kulle.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je. Auta tana zaune bakin gado, siket ɗinta ya yi mata yawa, da allura ta riƙe shi. Na ce me ke damunki, ta ce ni ma ban sani ba, Umma. Na taho da ita. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba, amma yau ta nemi ƙarin abinci.

Ka yafe min gurbin.
Ƙanwarka